Ranar da aka yi wa akuna hayaƙin barkono

Akwai abubuwa da dama da suka shige mini a rayuwa, amma abin da aka yi wa akuna a Kusada yana nan a raina har yau, kuma ban ga ranar da zai fita ba.

Akun na mahaifina ne. Shekara goma sha biyu kejinsa na rataye a zaurenmu na Kankia, inda Baba yake ɗinki, mutane na shiga suna fita. Da Baba ya rasu, ni na ɗauke shi. Da aka mayar da maigidana aiki Kusada, muka kama haya a wani gida da muke zaune tare da masu shi. Cikin hidimar jera kaya na ajiye kejin a ɗakin ajiya, wanda tagarsa ke kallon inda 'yan acaba suke tsayawa.

Tun washegari ya fara ihu. Ba magana ba, ihu mai tsaga kunne, daga safe har magariba. Ya daina taɓa gyaɗa, ya shiga fige gashin ƙirjinsa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, tsawa nake daka masa in rufe ƙofa.

Matar mai gidan ta fara cewa tsuntsun nan wani abu yake gani, wai shi ya sa jaririyarta ba ta barci. Na ba ta haƙuri, na ce zan san abin yi.

Ranar kasuwa na dawo da azahar, tun daga ƙofar gida tari ya turnuƙe ni. Na tarar ta fito da kejin tsakar gida, ta lulluɓe shi da buhu, ta tura kaskon garwashi da busasshen barkono a ƙarƙashi. Na yaye buhun. Akun na kwance a gefe, baki buɗe, yana jan numfashi da ƙyar.

"Wa ya ba ki izinin shiga ɗakina?" na ce mata.

Ko kunya babu ta ce, "Mi na yi? Ai taimakonki na yi. Ga shi ya yi shiru."

Wannan maganar ta fi hayaƙin ƙona mini rai. Ko tambayata ba ta yi ba, kuma har muka bar gidan ba ta ce in yi haƙuri ba.

Na nannaɗe shi a mayafina na hau acaba zuwa wajen malamin dabbobi. Ya duba shi, ya tambaye ni inda yake zama da, da inda na sa shi yanzu. Da na faɗa, sai ya ce babu wani aljani, baƙunta ce da kaɗaici. Tsuntsun da ya saba da jama'a an kulle shi shi kaɗai da ƙarar babura, kira yake yi a zo. Ya ce in rataye shi inda zai riƙa ganina, in daina yi masa tsawa.

Haka na yi. Cikin sati uku ya koma cin gyaɗarsa, gashi ya fara tsirowa. Amma muryar ta dushe, bai sake furta kalma ko ɗaya ba.

Har yanzu ina jin haushin matar nan, sai dai ni ma ban wanke kaina ba. Tun daga ranar na koyi cewa duk abin da ke hannuna, mutum ko dabba, in ya fara kuka, in nemi dalili da wuri, kafin wani ya zo ya rufe masa baki.