Abin da Na Gani Ranar Wankan Rukayya

Ina dama mata kunun kanwa mijinta ya shigo gidanmu na unguwar Nima. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a bakin madafa ya ce, "Mma, sauke tukunyar." Haka na ji 'yata Rukayya ta rasu.

Mutanen unguwar Maamobi da ke kusa da mu sun san ta da koko da ƙosai a bakin titi. Ban taɓa ganin mai tsabta irinta ba. Ko ƙuda ne ya sauka a ludayi, sai ta sake wankewa, masu saye na jira suna mita. Takan ce musu, "Abin da zai shiga cikin mutum ba a gaggawa da shi." Ita ce ta ja ni ajin manya, ta riƙe mini hannu har na iya rubuta sunana. In na firgita da ƙaramin abu, sai ta yi dariya ta ce, "Mma, tsoronki ya ishi unguwa guda."

Da haihuwa ta zo, an yi mata aiki a asibiti aka ciro ɗanta lafiya. Bayan kwanaki ɗinkin ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, kuma ba ta taɓa barin gadon asibitin ba. Na nuna wa nas ɗin da ke wurin. Ko ɗaga zanin ba ta yi ba, ta kira ni "Maame", wato uwa a yarensu, ta ce, "Ku mutanen Zongo haka kuke. Me kuka shafa mata a ɓoye?" Ba mu shafa mata komai ba. Rukayya na ji, ta juya fuska bango. Da ta cika, suka ce hawan jini ne.

Wani lauya ɗan unguwarmu ya ce in muna son ƙara, sai likita ya buɗe gawar. Wan mijinta ya ce, "An yanka ta da rai, ba za a sake yanka ta ba. Yau za mu kai ta." Aka kai ta kafin la'asar.

Ni na riƙe buta wurin wanka. Da Hajiya Azumi, mai wanke mana gawa, ta ɗaga zanin, sai ta rufe hanci da mayafi. Cikin ya yi baƙi, ɗinkin ya buɗe, warin mugunya na fita. Ta gama, ta dafa ni ta ce, "Yaya, abin da aka gani wurin wanka, nan ake barinsa." Da lauyan ya je gidanta neman shaida, ta ce ba ta ga komai ba. Ban ga laifinta ba, amanar matattu take riƙewa. Amma da wannan aka rufe maganar, asibitin kuwa ko gaisuwa bai aiko ba.

Ƙanwarta Safiya na da tsohon ciki yanzu, kuma a wannan asibitin take awo, don can ne kusa. Shi ya sa na faɗi abin da ba a faɗa. Rukayya, ki yafe mini tona jikinki. Na gani da idona, ba hawan jini ba ne.

Allah Ya jiƙanki, Ya wanke ki yadda kika wanke wa mutane abin cinsu. Ya raya marayan da ko nononki bai sani ba, Ya ba mijinki haƙuri. Ya Allah, Safiya kuma, Ka fito mini da ita da ƙafarta.