Kawu Sule da Shaidun Ruwan Shuka

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sule na Yammedi, manomin gyaɗa da bai taɓa yarda da maganar mutum ɗaya a kan ruwan shuka ba, ko da mutumin shi ne da kansa.

Da an yi ruwan fari sai ya hau keke. Ya tambayi mai shayi, ya tambayi makiyayan bayan gari, wani lokaci har mutanen ƙauyen Kwanyawa. Wannan ya ce ƙasa ta sha har gwiwar hannu, wancan ya ce ko kaza ba ta jiƙe ba. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ƙarya suke yi maka."

"Na sani," in ji shi. "Amma kowa da tasa. In ka haɗa, ta wannan tana cinye ta wancan."

Bara na yi hira da wata likitar ƙwaƙwalwa a shirinmu na rediyo. Ta ce ƙwayar ƙwaƙwalwa guda shaida ce marar tabbas: ido ya ga abu ɗaya sau goma, ita ta ba da amsa goma daban-daban. Shi ya sa ƙwaƙwalwa taron dubbai take saurare. Sharaɗin kawai, kada su yi kuskure iri ɗaya tare. In suka yi, yawansu bai ƙara komai ba. Na kusa ce mata Kawu ya riga ta.

Yanzu gonar tana hannuna, da irin gyaɗar da matarsa, Inna Hajara, take adanawa tun yana raye. In ya ƙone a ƙasa, babu wani. Da aka yi ruwa bana, na tambayi mutum goma sha biyu, duka suka ce a shuka. Har na yi murna, sai na lura kalmominsu ma iri ɗaya ne. Ashe saƙon murya guda ne ya zaga wayoyin garin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko an sa masa zobe goma sha biyu. Da Kawu na nan, da ya ƙirga su shaida ɗaya.

Na kai wa Inna rahoto. Ta ce, "Ka tambayi gari guda. Gonar fa, ka tambaye ta?"

Na je na tona. Ban kai zurfin taƙi ɗaya ba na tarar da ƙasa busasshiya ƙayau. Muka jira ruwa na gaba, irin ya tsira.

Allah ya jiƙan Kawu. Ya bar mini gona da iri, ya kuma bar mini tsoron ranar da kowa ya yarda da ni.