Tallar Auta a Jikin Ƙunshin Gyaɗa

A gidan buga takardun da ke bayan tashar mota, idan ka wuce babban injin nan mai tari kamar tsoho, ka ratsa tarin takardu, za ka iske wata mata a lungu gaban kwamfuta, da fensir soke a ɗankwalinta. Fensirin nan ne ya cinye sunanta. Anti Fensir ma'aikata ke ce mata, masu kawo aiki ma haka, har 'ya'yanta idan suna neman tsokana.

Tun tana yarinya hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Bangon ɗakin mahaifiyarta ya sha gawayi, ita kuma ta sha faɗa. Da ta girma, kwafar rubutu kawai aka ɗauke ta yi a gidan nan. Sai ta dinga leƙen mai zanen da ke gefenta, tambaya kan tambaya, har mutumin ya koma toshe kunne da rediyo. Ranar da ya bar aiki ta ja kujerarsa ta zauna, kuma har yau ba wanda ya ce ta tashi. Katin gayyata, kalandar makaranta, takardar jikin kwalbar man shafawa, duk sun bi ta hannunta. Ba ta yarda da aiki a fuskar kwamfuta. Sai ta buga gwaji, ta liƙa a ƙofa, ta tsallaka titi ta tsaya gaban mai faci, ta runtse ido ɗaya. Idan ba ta karanta daga can ba, aiki bai yi ba.

Mijinta kayan gyaran mota yake sayarwa, mutum ne mai son abin da ake iya riƙewa a hannu. Yana da ƙane da kowa ke kira Auta, wanda ya taso a gabansu. Da rana Auta gyaran firji da fanka yake yi, da yamma kuma ya rungumi jita. Waƙoƙinsa shi ke rubutawa, shi ke rerawa. A ɗakin wani abokinsa suka naɗe su, bayan sun jingina katifu a bango don kada kukan babura ya shiga. Ba kamfani, ba uban gida. Ya haɗa albam, ya sa masa suna Bayan An Tashi Aiki, ya kama zauren taron da ke kusa da kasuwa don ƙaddamarwa ranar wata Asabar.

Nan yayansa ya kafa sharaɗi, suna cikin cin abinci.

"Ni ban hana ka ba. Amma in ranar nan kujeru ka yi wa waƙa, to jita ta hau ƙusa. Ka zo shago mu zauna, ka koyi abin da zai riƙe ka."

Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yarda, Yaya."

Anti Fensir ta ajiye cokali. "Baban yara, kai dai ka je da wuri. Kada ka ce ban faɗa maka ba, in ka rasa wurin zama."

"Ke za ki kawo mutanen?"

"Ni zan yi fostar."

"Au, to. Auta, fara goge ƙusar."

Ta kuwa zage. Ta sa Auta ya sake wanka, ta tsayar da shi jikin shuɗin bangon bayan gidan bugu, ta yi ta juya masa haɓa har ya ce, "Anti, wuyana fa ba na aro ba ne." Fostar da ta fito, ko maƙiyi ya gani sai ya tsaya: rabin fuskar Auta cikin haske, jita a kafaɗa, sunan albam da manyan haruffa ruwan ɗorawa. Mai inji da kansa ya ɗaga ɗaya sama ya ce bai taɓa buga irinta ba. Ta tsallaka titi ta duba, ta dawo tana taku ɗai-ɗai.

To kyan nan shi ya ja mata. Da Auta da abokansa suka zo ɗauka da bokitin gam, sai ta tare su.

"Wa zai shafa min wannan ƙazanta a jikin aiki? Gam yana tattare takarda, ya sa fuska ta yi kamar ta kwana a ruwa. Ga salatif, kusurwa huɗu kawai, a hankali."

Suka bi umarni. Aka liƙa a tasha, a bakin kasuwa, a jikin katangar makaranta. Kafin sati ya zagayo, babu ko ɗaya. Sai guntun salatif yana lilo a bango.

Ta zargi masu tallar magani, ta zargi masu kiɗan wata unguwa, har iska ta zarga. Ana cikin haka wata yamma mijinta ya shigo yana murmushin da ta sani, ya miƙa mata ƙunshin gyaɗa.

"Maman yara, ga tsaraba. Ki ci a hankali, hancin ƙaninki ne."

Ta warware. Hanci ne kuwa, da rabin ido, maiƙo ya ratsa su. Yara suka fashe da dariya har ƙaramar ta ƙware. Auta, da ke zaune bakin ƙofa, ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya fita. Wannan fitar ta fi dariyar yi mata ciwo.

Washegari, kafin ta shiga wurin aiki, ta nufi mai gyaɗar bakin tasha, wata dattijuwa mai faffaɗan faranti da ta girmi tashar kanta.

"Iya, ina kwana. Wannan takardar a ina kika samo ta?"

"Yara ke kawowa. Taki ce? Kai, sannu. Takarda mai kyau, ba ta yagewa. Sai dai ta yi kauri, 'yata, tana buɗewa a hannu. In za ki sake, ki rage mata."

"In sake? Iya, talla ce fa! Ƙanin mijina ne a jiki!"

"To ai ga shi yana ta tafiya. Jiya ma kunnensa ya bi motar safe."

Anti Fensir ta buɗe baki za ta zazzaga, sai idonta ya faɗa kan wani mutum da ke jiran mota. Ya ci gyaɗarsa ya kusa ƙarewa, yana ta jujjuya ƙunshin, yana karkata kai, yana son ya karanta guntun rubutun da ya rage. Bai samu komai ba sai "Bayan An", ya taɓe baki ya jefar. Ta waiga. Ga wata mata da nata ƙunshin, ga ɗalibai, ga direba. Kowa na riƙe da takarda dab da hancinsa, kuma babu mai sauri. Ita da ta ƙare rayuwarta tana roƙon mai wucewa ya ɗaga kai ya dubi bango!

Ta gyara zani ta tsuguna gaban farantin. Ta ciro farar takarda daga jaka.

"Iya, naɗa min wannan yadda kike yi. Kada ki zuba komai."

Tsohuwar ta murza takardar sau ɗaya, ta zama mazurari. Anti Fensir ta zare fensir daga ɗankwali, ta bi duk inda ke waje ta shafe shi da baƙi, sannan ta warware. Wurin da ido ke gani ashe wani yanki ne a karkace, daga kusurwa zuwa tsakiya. Sauran duk yana shigewa ciki. Ta sa aka sake naɗawa, ta sake shafawa. Ta je wurin mai gugguru, shi ma ya naɗa nasa. Hannunsa ya ɗan bambanta, amma yankin kusan ɗaya ne.

A gidan bugu akwai wani lungu da ake tara guntayen takarda marasa kauri, ragowar yanka, waɗanda ba a san yadda za a yi da su ba. Ta roƙi mai gidan bugun, ya ce ta kwashe ta hutar da shi. Ta zauna ta zana sabuwar talla daidai girman guntayen. Babu hoto. Launi ɗaya, shuɗi. Rubutu duk a karkace: sunan Auta, sunan albam, zauren, ranar, da lambar wayar da za ka aika saƙo a turo maka waƙa ɗaya kyauta. A sama ta sa baiti ɗaya daga waƙarsa: "Na gyara firjin kowa, zuciyata ta ƙi sanyi."

Mai gidan ya leƙo ta bayanta, ya cire tabarau ya goge.

"Fensir, lafiya? Ko kwamfutar ce ta sha wani abu? Rubutu ya kwanta."

"Yallaɓai, zai tashi in an naɗe shi."

Mai inji ya ce shi dai gefe ɗaya zai buga, kada tawada ta taɓa abincin mutane. Ta ce abin da take so ke nan.

Auta ne ya fi wuya. Ya ɗauki gwajin da yatsa biyu.

"Anti, ina fuskata?"

"Fuskarka ta zaga gari, me ta kawo?"

"Yanzu ni ne zan zama takardar gyaɗa?"

"Ka riga ka zama, ƙanina. Gara ka zama wadda ake iya karantawa." Ta naɗe takardar yadda Iya ta koya mata, ta ɗaga. Rubutun ya miƙe tsaf, sunansa a sama. Auta ya karanta, ya sake karantawa, ya yi dariyar da rabonsa da ita tun ranar hanci.

Suka raba dami-dami, kyauta. Masu gyaɗa, masu gugguru, mai sayar da ƙusoshi, har matar da ke auna garin sabulu. Ba wanda ya ƙi, don takardar ƙunshi kullum nema ake. Iya ta murza ɗaya ta ce, "Yauwa, wannan ta san aikinta."

Kwana biyu shiru. Anti Fensir ta yi ta duba wayarta kamar ita za a kira. A rana ta uku sai ga Auta ya faɗo gidan bugu da maiƙon inji har gwiwar hannu.

"Anti, wayata ta haukace! Kaina na cikin firjin mutane tana ta ƙara. Wani ma ba waƙa yake so ba, cewa ya yi in zo in duba masa injin daskarewa."

"Ka tura masa waƙar, sannan ka je ka gyara."

Ranar Asabar Anti Fensir ta riga kowa zuwa. Ta tsaya bayan zauren tana kallon layukan fararen kujerun roba. Saƙon waya daban, tako ƙafa daban, ta sani. Mutanen farko da suka shigo abokan Auta ne, sai maƙwabta, waɗanda ko ba talla za su zo. Ta ƙi kallon ƙofa. Ta shiga gyara wani ƙyalle da ba abin da ya same shi.

Sai ta fara jin jan kujeru. Ɗalibai suka shigo a gungu. Direbobin tasha suka biyo, da mata masu goyo, da wasu ma'aikatan asibiti ko kayan aiki ba su cire ba. Fuskokin da ba ta taɓa gani ba. Wani dogo ya tsaya a ƙofa, ya ciro takarda mai maiƙo daga aljihu, ya duba ya tabbatar nan ne, sannan ya shigo. Iya ma ta zo, amma ba ta shiga ba: ta kafa farantinta a bakin ƙofa tana ciniki.

Mijinta bai zo da wuri ba. Ya iso da tafiyarsa ta mai zuwa jaje, ya tsaya turus. Ya duba dama, ya duba hagu. Wani yaro ya ce masa, "Baba, matsa, kana tare mana." Haka ya lallaɓa ya jingina da bango kusa da matarsa.

"Baban yara, in nemo maka bokiti ka kife?"

"Ke dai bari."

Auta ya hau dandamali, waƙar farko ma sai da ya sake ɗauko ta. Amma da ya zo baitin firji, zauren ya karɓe daga bakinsa. Mutanen da ba su san fuskarsa ba sai yau suka rera masa abinsa, har ya saki jita ya tsaya yana kallonsu. Anti Fensir ta ji idonta ya cika. Wani ɓangare na zuciyarta bai daina jin zafin kyakkyawar fostar nan da ba wanda zai tuna ba, amma tafi ya danne shi.

Da aka tashi, Auta ya ratso mutane ya zo ya rusuna gaban yayansa, gumi na ɗiga.

"Yaya, Litinin ƙarfe nawa zan zo shago?"

Yayan ya dube shi, ya dubi mutanen da suka yi layi suna jiran a tura musu albam.

"Ka zo ka yi min me? Ka kore min masu saye da kiɗa? Tashi, ga mutane can suna jiranka." Ya juya wajen matarsa, ya rage murya. "Maman yara, irin takardar nan, ana iya yi wa kayan mota?"

"Ana iya yi. Ka zo wurin aiki ka bi layi."