Alamun da Na Goge a Rumbun Malama Lubabatu

Malama Lubabatu haifaffiyar Birnin Tsaba ce, a ƙasar Zurmi, ɗiyar manomin gero. Shekara goma sha bakwai ke nan tana koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Kaura Namoda. Ita ce kuma ta koya mini karatu da rubutu a ajin manya, bayan la'asar, ina da shekara arba'in da shida. Sunana Halilu, ɗan kasuwar hatsi, kuma labarinta ba zai cika ba sai na haɗa da laifina.

Da hanyoyi suka lalace saboda 'yan bindiga, malaman lissafi na ƙauyuka suka daina zuwa taron da suka saba yi a Kaura. Sai ta buɗe musu wani wuri a intanet, irin wanda mutum ke ajiye adireshin shafin da ya ga yana da amfani, ya liƙa masa alama, duk wanda aka shigar ya gani, ya kuma ƙara nasa. Ta sa masa suna rumbu. Cikin shekara uku, malamai goma sha tara daga Shinkafi da Zurmi da Kaura suka tara shafuka sama da ɗari huɗu: darussa, bidiyo, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya.

Ni ma ta shigar da ni, har ta ba ni ikon gyara, domin ina tsara mata tambayoyin awo da tiya da buhu waɗanda ɗalibai ke saurin ganewa. Na ɗauki wannan da girma ƙwarai.

Wata rana ina dubawa, na lura cewa ban da alamun darasi irin su kasafi da kusurwa, kowane shafi yana ɗauke da ɗayan kalmomi biyu: "tsaye" ko "zaune". Na duba littafin lissafi daga bango zuwa bango, ban ga babi mai irin wannan suna ba. Da na tambaye ta, da magana ta ƙare a nan. Amma na daɗe ina tambayar mutane abin da ke rubuce, kuma na gaji da hakan. Na yanke cewa shirme ne wani ya zuba. Tana Gusau wajen wani taron malamai, na shafe yini biyu ina goge kalmomin nan, na jera komai bisa babin littafi, ina jiran ta dawo ta yaba.

Abin da ban sani ba shi ne wannan. "Tsaye" na nufin shafi marar nauyi, wanda zai sauka a waya ko sabis ya yi rauni, mutum na tsaye a gefen babur. "Zaune" kuwa sai an sami wuri an zauna an jira. Ita da kanta ta gwada kowane shafi a bayan tashar jirgin ƙasa, inda sabis ba ya da ƙarfi, kafin ta liƙa masa alama.

Saboda irin su Malam Namadi ta yi haka. A Galadi yake koyarwa, inda wayarsa ba ta kama intanet. Ranar Alhamis yakan biyo ayarin baburan 'yan kasuwa zuwa Shinkafi, ya sauke abin da zai koyar na mako, ya koma tare da su, domin ba mai bin hanyar shi kaɗai. A Alhamis ɗin da ta biyo bayan aikina, saura mako uku ɗalibansa ashirin da uku su zauna jarrabawar kammalawa, kuma tambayoyin baya ya zo nema. Bai ga alamar "tsaye" ko ɗaya ba. Ya yi ta taɓa shafuka masu nauyi har ayari ya tashi, ya koma hannu wofi.

Ina ofishinta lokacin da ya kira, muryarsa na fita fili.

"Malama, wa ya share muna rumbu haka tas? Ko mayya ce ta shiga?"

"Yi haƙuri, Malam Namadi, sakacina ne. Zan tura maka su kai tsaye ranar Alhamis."

Ina zaune ina kallon takalmina, na bar ta ta ɗauki laifina. Alhamis ta zo, aka ji labari marar daɗi a hanya, ayari bai fito ba. Ta bayanta ma haka.

Sai bayan jarrabawa na je na faɗa mata. Ba ta ɗago daga takardun da take dubawa ba.

"Baba Halilu, ai rumbun yana rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi. Tun ina mota, a hanyar dawowa daga Gusau, na gani."

"To don mi ba ki faɗi ba?"

"Ni na ba ka mabuɗi ban yi maka bayani ba. Rabin laifin nawa ne, shi na ɗauka. Naka rabin yana nan yana jiranka."

Na kira Malam Namadi na gaya masa. Ya ce, "Alhaji, kai da ke tona buhu har ƙasa kafin ka saya, wanga karon ba ka ko kwance bakinsa ba?" Ya ce ya yafe, na kuwa yarda da shi.

Yanzu kowace safiya kafin kasuwa ta cika, nakan tsaya a bayan tasha da wayata ina gwada shafukan ɗaya bayan ɗaya, ina mayar da alamunsu. Na kai ɗari da sittin. Ita kuwa tana nan tana koyarwa, ba ta kuma karɓe ikon da ta ba ni ba.

Da sakamako ya fito, tara ne cikin ashirin da uku suka ci lissafi a Galadi. Malam Namadi ya ce bara ma ba su wuce goma sha ɗaya ba, kada in ɗora wa kaina. Na roƙe shi sunayen goma sha huɗun da suka faɗi, ya turo mini, na karanta su da kaina.