Hotunan Riba Kaɗai Na Ajiye

Shekarun baya kaɗan, lokacin da kowa a Kano ya zama malamin kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, ni ma na afka. Kasuwa ta yi daɗi, kai ya kumbura. Asusuna na banki yana da iyakar abin da zai ɗauka a rana, sai na lallaɓa mahaifiyata ta bar ni in riƙa karɓar kuɗin ciniki ta nata. Tsohuwar malamar makaranta ce, fansho kaɗai ke shiga asusun. Ta ce, "In dai halal ne, je ka yi."

Ina da wata ɗabi'a. Duk ranar da na ci riba sai na ɗauki hoton fuskar waya na adana, har in ɗora a gani. Ranar asara kuwa kifa wayar nake yi in tafi masallaci. Da kasuwa ta rushe na sayar da komai a faɗe, motata ma ta bi. Na goge manhajar cinikin don haushi, na ce wa Hajiya mota tana wajen bakanike.

Ana nan sai ta tashi sabunta takardun gidanmu na Nassarawa, aka nemi shaidar biyan harajinta. Jami'in ya duba bayanan asusun, ya tambaye ta cikin ladabi wace sana'a take yi bayan fansho. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta kira ni.

"Na gama aikina ba wanda ya taɓa tambayata ina na samo kuɗi. Yau an tambaye ni, a gaban mutane."

Wallahi da ta mare ni ya fi min sauƙi.

Na garzaya Giginyu wajen abokina, akanta ne. Ya ce in kawo shaidar cinikin, na miƙa masa hotunan nan. Ya yi ta latsawa, can ya fashe da dariya.

"Mutumina, in waɗannan za ka kai, ai kai attajiri ne! Ina na faɗuwar?"

"Wa yake ɗaukar hoton faɗuwa?"

"Mai hankali. Ba a kan kuɗin da ya ratsa asusu ake yanka haraji ba, a kan riba ne. Asara kuma ana duba ta, amma fa sai da shaida. Bakinka ba shaida ba ne."

Haka na sake sauke manhajar, na yi kwana biyu ina fama da kalmar sirrin da na manta. Da ta buɗe sai ga komai, kowane saye da sayarwa da ranarsa. Ban taɓa murnar ganin asarata ba sai ran nan. Abokina ya lissafa: shekarar farko akwai riba, akwai harajin da zan biya, ta biyu faɗuwa ce zalla. Muka rubuta takarda cewa cinikin nawa ne, Hajiya asusu kawai ta ara min.

Saura ta sa hannu, ita kuwa ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Ta saka tabarau ta bi layi-layi kamar mai duba jarrabawa, ni ina durƙushe. Na ce, "Hajiya, maganar motar nan..."

"Wane bakanike ne yake riƙe mota wata bakwai? Na sani tuntuni. Jira nake ka gaji ka faɗa."

Na biya abin da ke kaina, aka ba ta shaidarta, takardun gida suka fito da sunanta tas. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Har yau in na tuna sai in ji kunya da sanyin zuciya a haɗe. Abin da na yi ta ɓoyewa shi ya wanke mahaifiyata, wanda na yi ta tallatawa kuwa saura kaɗan ya ɓata mata suna. Ina ɗan taɓa kasuwar har yanzu, ta asusuna. In na faɗi, kafin in ce innalillahi na riga na ɗauki hoto.