Malam Mu'awiya, Mai Wutar da Ta Sa Maza Wanka

Da an idar da sallar asuba, za ka hangi Malam Mu'awiya da tsumma a kafaɗa da bokiti a hannu, ya nufi tashar wutar sola da ke bakin garinmu, nan ƙasar Anka. Ya goge farantan solar kamar mai wanke wa jikoki fuska, ya leƙa ɗakin batura, sannan ya zauna kan kututturen da ya zame masa ofis. Nan masu ƙorafi ke iske shi. Tela ya ce wuta ta yi rauni, mai ƙanƙara ya ce ai telan ne ke shanye ta. Shi kuwa sai kowa ya amayar da cikinsa kafin ya buɗe baki. A watan nan zai miƙa makullai, gwiwa ta ce ta gaji.

Tashar ta wani kamfanin ƙasar waje ce, masu ita ba su taɓa shan ruwan garin nan ba. Shekarar da zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya, masu haƙa suka cika gari. Shugabansu Mas'ud ya zo neman a ja musu layi cikin unguwa, su kafa injinan niƙa dutse a bayan gidaje. Wakilin kamfani ya bugo waya yana murna, ga manyan masu saye, kuma ƙa'ida ba ta yarda a hana mai nema ba. Ya ƙara da cewa in Mu'awiya ba zai iya ba, akwai masu iyawa.

Mu'awiya kuwa bai manta abin da ƙurar dutsen nan ta yi a ƙauyukan Dareta da Abare ba. Yana cikin waɗanda suka raka yara makwanci lokacin gubar dalma. Inji a bayan gida, ƙura a cikin tuwo ke nan.

Bai yi musu da kowa ba. Ya sai wa Mas'ud fura, ya ce, "Taso ka raka ni, ɗana." Suka miƙa har wani fako a bayan gari, inda iska ke kaɗawa ta yi daji.

"Baba, ina muka zuwa? Ni wuta nika so, ba motsa jini ba."

"Nan za ta iske ku. Ku kafa turaku, ni in ja waya, in haɗa muku da famfo."

"Famfo na mi?"

"Na wanka. Duk wanda ya shiga gari da kayan aiki da ƙura a ka, gobe inji ba ya tashi."

Mas'ud ya yi dariya har da riƙe ciki. "Maza da gemu za ka sa wanka kamar 'yan yaye?"

"Innarka ta yi maka, ba ka mutu ba."

Da wakilin kamfani ya sake kira, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ban hana kowa ba. Hanya kawai na nuna wa wutar."

Sahura mai abinci ta shaida ranar da aka gwada shi. Wani ya sulale gida ba wanka, washegari Mu'awiya ya kashe layin gaba ɗaya, ya koma kan kututturensa, wayar wakili na ta ruri a aljihu. Kafin hantsi, abokan aikin mutumin suka ɗauko shi cak suka kai ƙarƙashin famfo, har da mai ba da aron soso. Wuta ta dawo. Kamfani ya ga ciniki bai ragu ba, ya ƙyale shi. Matan gari kuma suka ce abin da suka yi shekaru suna faɗa ba a ji ba, ga makunni ya yi shi.

Kai ne, Malam, aka ɗora wa aikinka a hannu guda, 'ya'yan mutane a ɗayan, ka ƙi sakin ko ɗaya. Sanyin ruwa, mai kashe wuta ba faɗa. Yaran da ke tsere yau a bayan gidajen nan ba su san daga abin da ka tsare su ba, mu mun sani. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwa lafiya. Duk wanda aka damƙa wa wuta ko ruwan jama'a, ya zo ya ga yadda ake riƙo.

Ranar walimar sallama an jima ana jiran Mas'ud. Can sai ga shi da sauri, gemu na ɗigar ruwa.

"A gafarce ni, Baba. Layi na iske a famfo."