Ranar da na ciji safarjal ɗin Kawu

Ko da zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da harshena ya ƙi motsi a bakina ba. Cizo na uku ke nan na yi wa abin, sai na ji miyau ya ɗauke ƙaf, bauri ya game bakina, maƙogwaro ya tsuke kamar an zuge bakin jaka. Na kira sunan Allah, muryar ta fito kamar ta ɗan tsako.

Bari in koma baya. Shekarar da na gama sakandare ce, ina zaune gidan Kawuna a Minna. Ya dawo daga aikin Hajji da zamzam da dabino, da kuma wasu 'ya'yan itace guda uku, rawaya, masu tauri, masu ƙamshin da ke cika ɗaki. Ya ce sunansu safarjal. Inna, matarsa, ta sa su a langa ta ɗora kan kabad. Duk wanda ya zo barka da sauka sai a sauko da langar a buɗe masa ya shaƙa, a mayar. Taɓawa kam babu.

Ranar farko Kawu ya ce yana ƙarfafa zuciya, yana tsayar da gudawa. Kafin mako ya zagayo amfanin ya hayayyafa: tari, mantuwa, har da furfura. Wani tsohon direban jirgin ƙasa ya rantse tun da ya shaƙa gwiwarsa ta daina ciwo. Ni kuwa 'yar boko, ina gefe ina taɓe baki, ina cewa babu wannan a littafinmu.

To, washegari za a yi mini tambayoyin shiga makarantar nas, gabana kuma sai faɗuwa yake. Da azahar, Inna na tsakar gida tana tankaɗe, wannan mai taɓe bakin ce, wato ni, ta taka kujera, ta ɗauki mafi girma, ta shige bayan ƙofa neman ƙarfin zuciya.

Ina tsaye da bakina a ƙage sai karatu ya zo ya ƙarasa ni. Na tuna malamarmu ta taɓa cewa akwai dafi a ƙwayar tuffa, wannan kuma ɗan'uwanta ne. Na duba inda na ciza. Gurbin ƙwaya biyu babu komai. Na haɗiye su!

Na fito a guje na zube gaban Inna. "Inna, na mutu! Na ci safarjal!"

Ta saki rariya. "Wanne? Ba dai babban ba?"

Har yau ban yafe mata wannan tambayar ba.

Kururuwata ta jawo maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bagwariya da muke kira Mama. Ba ta tsaya tambaya ba, ta toshe mini hanci ta ɗura mini manja rabin ludayi. Inna ta bi da madara, ta ƙara da zamzam. Cikina ya shiga juyawa, na ce shi ke nan, dafi ya kama aiki. Na fara rabon gado: akwatina na ƙanwata, takalmin makaranta a ba mabukata.

Kawu ya shigo yana cewa, "Ku natsu, abin da ya fito ƙasa mai tsarki ba ya kisa."

Mama ta dube shi. "Alhaji, kai ka taɓa ci?"



"Wato... wanda ya sayar mini ne ya yi bayani."

"Da wane yare?"

"Da Larabci," in ji Kawu, wanda duk Larabcinsa bai wuce na salla ba.

Ya ɗora ni a bayan keke, ragowar safarjal a aljihunsa, sai asibiti. Malamin asibitin ya juya abin, ya shaƙa, ya buɗe wani ƙaton littafi, ya rufe, sannan ya tambaye mu mene ne wannan. Nan na tabbata kwanana ya ƙare. Ya ce mu gwada kantin Kwara 'yan Labanan da ke kusa da tashar jirgi, don can ƙasarsu ba za a rasa saninsa ba.

Tsohuwar da ke da kantin na ganinsa ta karɓe da hannu biyu, ta kai hanci, idonta ya ciko. Ta ce rabonta da shi tun tana budurwa. Da ta ga shaidar haƙorana kuwa, dariya ta yi har sai da ta dafa tebur.

"Ɗanye? Yarinya, a garinmu ko jaki ba ya ci ɗanye! Dafawa ake yi da sukari har ya yi ja. Yana gyara ciki, gaskiya ne. Furfura kuwa, dubi kaina."

Na ce, "Ƙwayar fa? Biyu na haɗiye."

"Kin tauna?"

"A'a."

"To, gobe za su fita yadda suka shiga. Ba abin da zai same ki sai manjan nan."

Daidai nan aka kira la'asar. Na zauna kan dilar atamfa na fashe da kuka. Kawu ya gyara murya ya ce ai dama shi ya faɗa.

Har yanzu in na ji ƙamshi irin wannan sai na taɓa maƙogwarona. Abin da na koya shi ne: duk mai lissafa mini amfanin abu, kafin in kai baki sai na yi masa tambayar Mama. Rabin karatuna ma sai na yi masa ita, don ya fi baurin safarjal ɗin firgita ni a ranar.